Dawar da Gwaggo ta sa wa hula

Bana shekara shida ke nan da Allah ya karɓi ran Gwaggo Hajara. Ƙanwar mahaifina ce, kuma a hannunta na yi karatun sakandare a Dutse. A wurin aikinta Dakta Hajara ake ce mata, masaniyar cututtukan amfanin gona. A ƙauyenmu kuwa, can gefen Kafin Hausa, har yau in aka ce "mai sa wa dawa hula" babu wanda zai tambayi wa ake nufi. Ban saba rubutu a jarida ba, ko a aji ma ba kasafai nake ɗaga hannu ba. Amma makon jiya na je gida, na ga abin da aka yi a tsakar gidanmu saboda ita, sai na ga shirun ya isa haka.

Rayuwarta ta aiki kusan duk a kan ciyawa ɗaya ta ƙare, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Duk manomin dawa ko gero a ƙasarmu ya san ta. Ga fure mai kyau ruwan hoda, wanda baƙo zai iya tsayawa ya yaba, alhali mai gonar yana kallo zuciyarsa na ƙuna. Duk inda ta yi yawa za ka ga dawa ta tsugune, ganye ya yi rawaya ya ƙanƙance kamar an yi fari, ko da kuwa jiya aka kwana ana ruwa.

Ranar da na fara sanin ko mece ce ita, ina zaune ne a falo da littafi, sai Gwaggo ta kira ni wurin teburinta. Ta zuba wani abu kamar garin taba a kan farar takarda, ta ce in duba ta madubin da take ƙara girman abubuwa da shi. Na duba. Abin da na ɗauka gari ne ashe ƙwayoyin iri ne, kowace da zanenta a jiki kamar an saƙa.

"Bilki, kin ga waɗannan? Barci suke yi," in ji ta. "Za su iya kwana shekaru a cikin ƙasa, ruwa ya zo ya wuce, rana ta zo ta wuce, ba su motsa ba. Jira suke a kira su."

Na ce wa zai kira su?

"Dawar da kanta."

Ta bayyana mini cewa saiwar dawa tana fitar da wani ɗan ruwa cikin ƙasa, kaɗan ƙwarai, wanda ba ido ba hanci da zai gane shi. Shi irin wuta-wuta ke ji ya farka, ya miƙo ɗan zare ya kama saiwar, ya shiga tsotso. Kafin manomi ya ga ko ganye ɗaya a sama, ta riga ta yi makonni tana shan jinin dawarsa a ƙarƙashi. Idan kuma ta farka ba ta sami saiwar da za ta kama ba, cikin 'yan kwanaki ta mutu, don ba ta da guzuri. Na daɗe ina kallo ta madubin nan. Ƙwayar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ba ido ba kunne, amma ta san tana jira, ta kuma san wanda take jira. Gwaggo ta ce ita ma duk shekarun nan, in ta duba sai ta yi tasbihi, duk da cewa abokiyar gabarta ce.

Abin da take nema shi ne dawar da saiwarta ba ta cika kira ba. Ta ce a cikin irin da kakanninmu suka bari akwai irin wannan, sai dai a tone. Ta yi yawon ƙauyuka har wajen Garki, ta shiga rugage, tana roƙon tsofaffi zangarniya ɗaya ko biyu daga farfara da kaurar da suka gada. Da aikin da hukuma ta ɗora mata a kan wannan ya zo ƙarshe aka mai da ita wani sashe, ba ta yarda ta ajiye ba. Ta ɗauko abin ta kawo gida.

Ina wurin ranar da ta sami Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Yaya, kusurwar gabas ta gonar gado nake so ka ba ni aro, wajen gawon nan."

"Me za ki shuka?"

"Wuta-wuta."

Baba ya ajiye ƙotar ya dube ta. "Hajo, duk shekarun nan da aka yi ana tura ki karatu, ashe abin da kika koyo ke nan? Mu da ba mu je ko'ina ba ai kyauta take fito mana."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna ta yi masa bayani. A gonar da wuta-wuta ta fito nan ta tsallake can, ba yadda za a san ko dawa ta tsira ne don ƙarfinta ko don sa'a. Dole kowane rami a zuba masa irin ciyawar daidai da na ɗan'uwansa, a gauraye da yashi, sannan a jefa dawa a kai. Wadda ta miƙe a irin wannan wuri, ita ce ta faɗi gaskiya. Baba bai gamsu ba, amma ƙanwarsa ce, kuma tana da rabonta a gonar. Ya ba ta, da sharaɗin kada ko ƙwaya ta tsallaka gonar maƙwabta.

Ta riƙe sharaɗin fiye da yadda ya zata. Ta sa aka kewaye wurin da shingen ƙaya mai kauri, don kada dabba ta shiga ta fito da irin a kofato. Fartanyar ciki ba ta fita waje. Duk wanda ya shiga sai ya karkaɗe takalmi ya wanke ƙafa a bakin ƙofa. Ko sussukar zangarniyar da ta zaɓa, a ciki take yi, ta shimfiɗa tabarma a gindin gawo ta murje da hannu, ta fito da tsaba kawai.

Hular kuwa ga yadda take. Idan dawa ta fitar da kai, kafin ta yi bununi, sai Gwaggo ta bi waɗanda suka tsaya da ƙarfi a tsakiyar furen wuta-wuta, ta kifa wa kowace zangarniya jakar takarda ta ɗaure, don kada iska ta kawo bununin gonar wani ya gurɓata irin. Daga kan hanya sai ka hango dawa jere da fararen huluna kamar masu jiran liman. Masu babur kan tsaya su kalla. Malam Sule, maƙwabcinmu na gona, ya taɓa leƙowa ta saman shinge ya ce, "Dakta, in an gama hula sai babbar riga ko?" Ta ce, "Ai taka zan ara, Malam Sule, na ga tsawonku ɗaya."

Damina bayan damina tana zubar da yawanci tana riƙe kaɗan, har abin ya tsaya a kan wata farfara da ta samo wurin wata tsohuwa a wajen Garki. A daminarta ta ƙarshe, kunyoyin wannan farfara sun tsaya kore shar, wuta-wutar da ke gindinsu 'yar tsiraru, alhali kaurar da ta shuka a gefe don gwadawa ta ƙone ƙurmus. Baba da kansa ya shiga ya wanke ƙafa ya tsaya yana kallo. Ya ce ta ba shi ya shuka baɗi. Ta ƙi. Ta ce, "Saura, Yaya. Ba ta gama gaya mini gaskiya ba. Ko tuwonta ma ban ɗanɗana ba, in ba ta yi tuwo ba wa zai noma ta?" Ta zuba duk irin a tulu, ta sa busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, ta rufe ta ajiye a ɗakin da take sauka in ta zo gida.

Ba a daɗe da gama girbi ba ta kwanta ciwo a Dutse. Jinyar ba ta yi tsawo ba.

Ranar sadakar bakwai gidanmu ya cika. An yi tuwon dawa da miyar kuka an raba har ƙofar masallaci, mutane suna ta cewa rabonsu da tuwo mai laushi da fari haka an daɗe. Ni ma na ci. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, Baba ya ce in zo mu ɗauke tulun nan mu mai da shi ɗakinsa kafin a fara kwashe kayanta. Ya sunkuya ya ɗaga da ƙarfi, tulun ya taso sakayau. Babu komai ciki sai ganyen darbejiya.

Gwaggo Talatu, babbar yayarsu, tana tsakar gida tana haɗa kwanuka. Baba ya tambaye ta ko ta san wanda ya taɓa tulun.

"Ni ce," in ji ta, fuskarta har da ɗan haske a cikin hawaye. "Na ga ita ta noma da hannunta, na ce babu abin da ya fi dacewa a yi mata sadaka da shi. Na sa aka kai inji tun da safe. Ka ji yadda ake yabon tuwon? Allah ya kai mata ladan."

Baba ya nemi turmi ya zauna a kai. Can ya ce, "Amin, Yaya. Allah ya karɓa." Sai bayan arba'in ya zaunar da ita ya gaya mata irin dawar da aka niƙa, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Na sha tunanin wannan rana. Babu wanda ya yi ganganci, babu wanda ya yi mugunta. Ƙauna ce ta ɗauki aikin shekaru ta kai inji. Wani lokaci nakan ce da Gwaggo Hajara za ta ji labari, bayan ta gama salati dariya za ta yi, ta ce to ga shi an ɗanɗana mata tuwon, gari guda ya ba da shaida.

Abin da ya rage shi ne fili cike maƙil da irin wuta-wuta, a tsakiyar gonakin mutane, ba mai shi ba kuma dawar da aka ɓata shi dominta. Da bazara ta yi, dangi suka ce a cire shingen a ƙone, a huɗe wurin a yi ta shuka gyaɗa har ƙasar ta huce. Malam Sule ya fi kowa matsawa, kuma yana da gaskiyarsa, gonarsa ce a jiki. Baba ya amince. Ruwan farko ya sauka ina gida, na gama jarrabawa. Washegari masu shanun huɗa suka iso har bakin shinge.

Baba ya sa hannu zai janye ƙayar ƙofa, sai ya tsaya. Ya juyo ya ce mini, "Bilki, in za ta murje dawar nan, a ina take shimfiɗa tabarma?" Na nuna masa gindin gawo. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce wa masu shanu su yi haƙuri su wuce babbar gona, nan a bar shi tukuna.

"Gyauro za ka jira?" in ji Malam Sule. "Alhaji, rani guda fa. Abin da gara ta bari tsuntsu ya tsince, abin da tsuntsu ya bari ɓera ya kwashe."

"Na sani. A ba ni kwana kaɗan. In bai fito ba, ni da hannuna zan cinna wa shingen wuta."

Gyauro shi ne abin da ya zube lokacin girbi ya tsiro da kansa in ruwa ya dawo. Kullum da safe sai mu je mu leƙa, mu tarar da ƙasa kawai da 'yan ciyayi. Aka sake ruwa mai ƙarfi. Da muka je bayan ruwan ya ɗauke, Baba yana gaba, na ji ya ce "Allahu akbar" a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

A gindin gawon, 'yan tsiron dawa ne suka fito a jere, siriri, layi ya miƙe ya karya kwana ya sake miƙewa. Tsakiya babu komai. Siffar tabarmarta ce. Tsabar da ta riƙa zubewa ta gefen tabarma, wadda ƙafarta ta tattake cikin ƙasa tana kai da kawowa, ita ce ta tsere wa tsuntsu da gara. Shingen da ta yi don kare gonar maƙwabta shi ya hana awaki shiga rani guda. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar jana'iza, sai ran nan. Malam Sule ya leƙo ta saman ƙaya ya gani, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "To, a bar shingen."

Da suka yi ƙwari Baba ya yi dashensu a kunyoyi. Da suka fitar da kai, Malam Sule, mutumin da ya fi kowa yi wa hula dariya, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurawa. Gwaggo Talatu ce ta yanka takardun buhun siminti ta ɗinke su da zare da allura, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Daga baya, da na shiga jami'a na karanci kimiyyar amfanin gona, na gane cewa dawar da aka dasa takan ɗan tsere wa wuta-wuta ko da ba ta da wani ƙarfi, saboda haka kyan da ta yi a shekarar farko ba hujja ba ce. Na gaya wa Baba ina jin nauyi. Ya ce, "Kin fara magana irin tata." Shekarar da ta biyo ya shuka tsaba a rami, da yashi da irin ciyawar, yadda take yi. Farfarar ta tsaya.

Yanzu ina shekarar ƙarshe. Sau da yawa a ɗakin gwaje-gwaje nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ga waya da za ka ɗauki hoton ganye ta gaya maka cutar da take zato. Ga na'urorin da ke karanta gadon halittar tsiro tun yana ɗan ganye biyu, abin da ita sai ta jira damina guda kafin ta sani. Na tabbata za ta yi murna, za ta zauna gaban na'urar kamar yarinya. Na kuma tabbata in an gama nuna mata za ta ce, madalla, yanzu a kai shi gona a gani. Za ta damu da yadda ruwa ke zuwa a makare ya ɗauke da wuri, da yadda ƙasarmu ke ƙara gajiya, don wuta-wuta ta fi son gajiyayyiyar ƙasa. Ina jin kuma za ta yarda cewa tara iri duka a tulu ɗaya ba dabara ba ce.

Kwanakin baya na kawo 'yan ƙwayoyin farfarar makaranta. Na tsirar da su a faranti na gilashi, na barbaɗa irin wuta-wuta kewaye da saiwar, na yi haka da wata dawar ta kasuwa. Da na duba ta madubi, kewaye da ta kasuwa ƙwayoyin sun farka rututu, kowace ta miƙo farin zarenta. Kewaye da ta Gwaggo kuwa yawancinsu suna ta barci abinsu, saiwar tana wucewa ta tsakaninsu ba su san ta zo ba. Abin da ta gaya mini a kan teburinta ina yarinya, ga shi a idona. Malamina ya duba ya ce in sake, in kuma sake. Ina sakewa. Ba zan ce wa masu karatu an sami maganin wuta-wuta ba. Wannan dawa ba ta da rajista, ba ta bi matakan da sabon iri ke bi ba, ba a gwada ta a wata ƙasar da ba tamu ba. Abin da na sani shi ne tana nan da rai.

Makon jiya, da lokacin rasuwarta ya zagayo, aka yi mata sadaka kamar kowace shekara. Sai dai bana rumbun ya ɗan yi nauyi, Baba ya ce lokaci ya yi. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya tara zangarniyoyin da suka sha hula. Gwaggo Talatu ta zo da ƙwarya ta tsaya a kansa.

"Wannan ta ci ce ko ta shuka?" Haka take tambaya yanzu kafin ta taɓa kowace tsaba a gidan.

"Ta shuka ce, Yaya. Ta ci tana can cikin buhu, ki kai inji ki more."

Ya ware kashin da zai zauna a ɗakinsa, da wanda zan kai makaranta, da wanda za a aika wa jikokin tsohuwar nan ta wajen Garki, tunda daga gidansu ta fito. Sauran ya riƙa ɗiba da hannu yana zuba wa maƙwabta a gefen riga da leda, har da mutanen rugar bayan gari. Kowa ya gaya masa magana ɗaya: gwaji ne, a shuka kunya biyu a inda wuta-wuta ta fi yawa, a gefen wadda aka saba, in an yi girbi a dawo a faɗi gaskiya ko mai daɗi ko marar daɗi. Malam Sule ne farkon miƙa hannu. Ya ce a haɗa masa da hula biyu, Gwaggo Talatu ta ce sai ya kawo takardarsa.

Gwaggo Hajara ba ta bar gini da sunanta ba, ba ta kuma ga ƙarshen abin da ta fara ba. Ta bar ƙauyen da manomi ke wanke ƙafa kafin ya fita daga gona mai cuta, ta bar dattijon da ya koyi cewa "saura" ko da idonsa ya ga kore, ta bar ni da madubi da tambaya. Ta kuma bar dawar da sau biyu aka yi mata sadaka da ita. Ta farko an ci an ƙoshi a wuni ɗaya. Ta biyun tana cikin leda da gefen riga a gidaje da yawa, tana jiran ruwa.

Allah ya yi mata rahama, ya sanyaya makwancinta, ya sa duk zangarniyar da za ta fito daga wannan iri ta zama nauyi a mizaninta.